Waiwaye adon tafiya: yadda Ebola ta shiga Fatakwal a 2014, da yadda aka tare ta

Yau shafinmu na tarihi zai waiwayi shekarar 2014, lokacin da aka daina musabaha a kasuwanni, aka ajiye bokitin ruwa da sabulu a ƙofar bankuna da makarantu.

Annoba ta saba bin hanyar fatauci. A watan Satumba na 1918 jirgin ruwa mai suna Bida ya kawo murar nan mai kisa Legas, ta bi Kogin Kwara ta isa Anacha, ta bi layin dogo da aka shimfiɗa saboda kwal daga Fatakwal zuwa Inugu. An ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a Nijeriya. A 2014 kuwa ta jirgin sama cutar ta zo.

Ranar 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya yana fama da rashin lafiya. Aka kai shi asibitin First Consultants da ke Obalende. Dokta Stella Ameyo Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta sanar da hukuma, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Sawyer ya mutu ranar 25 ga Yuli. Ita ma likitar ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Duk wannan ya faru ne likitocin gwamnati suna yajin aiki.

Ƙa'idar da aka ba likitoci a lokacin ba ta da tsawo. Duk mai zazzaɓi a tambaye shi inda ya fito da wanda ya yi hulɗa da shi. In akwai zargi a keɓe shi, kada a taɓa shi sai da safar hannu da kayan kariya, a sanar da hukuma nan take. Duk wanda ya kusance shi a rubuta sunansa, a riƙa auna zafin jikinsa kullum har kwana 21, domin iyakar kwanakin da cutar kan ɓuya a jiki ke nan. Gawa kuma sai ma'aikatan da aka horar ne za su ɗauka.

A Fatakwal aka ga abin da ke faruwa idan an karya wannan ƙa'ida. Wani ma'aikacin ECOWAS da ya yi hulɗa da Sawyer ya sulale daga hannun masu sa ido a Legas, ya iso Fatakwal ranar 1 ga Agusta. Wani likita ya yi masa magani a ɓoye a ɗakin otal, ba tare da sanar da kowa ba. Baƙon ya warke ya koma. Ranar 11 ga Agusta likitan ya fara zazzaɓi, amma ya ci gaba da duba marasa lafiya, har ya yi wa mutum biyu tiyata. A kwanakin nan 'yan uwa da abokai suna ta zuwa gidansa barkar haihuwa. Da aka kwantar da shi, masu yi masa addu'a suka riƙa ɗora masa hannu. Ya rasu ranar 22 ga Agusta, sai ranar 27 aka tabbatar Ebola ce. Matarsa da 'yar uwarsa sun kamu sun warke, wata dattijuwa da aka kwantar a asibiti ɗaya da shi ta kamu ta rasu.

Inugu ma ta sha da ƙyar. Wata nas da ta yi jinyar Sawyer ta bar Legas ta tafi wurin danginta a can. Aka mayar da ita Legas, aka sa ido kan mutum fiye da 20 da ta yi hulɗa da su, Allah ya sa babu wanda ya kamu.

Kowa zai tuna asubar 8 ga Agusta, da waya ta yi ta ƙara ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata, amma sai da mutane suka mutu saboda yawan gishirin, wasu da dama suka kwanta asibiti.

Abin da ya tare cutar aiki ne na bin gida gida. An kafa cibiyar gaggawa ƙarƙashin Dokta Faisal Shu'aib, da ma'aikatan da suka ƙware a yaƙi da shan inna a Arewa. Gwamnatin Jihar Ribas ta buɗe wurin keɓe masu cutar a ƙaramar hukumar Emohua. A faɗin ƙasa an bi sawun mutum kusan 900, an kai ziyarar ido da ido kimanin 18,500. Daga ƙarshe mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Ranar 20 ga Oktoba, 2014, bayan kwana 42 babu sabon kamu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da Ebola.

Mu ma mun ci moriyar wannan aiki kai tsaye. A shekarar Saudiyya ta hana maniyyatan Gini, Laberiya da Saliyo zuwa Hajji, amma alhazan Nijeriya sun sauke farali. Dattawa za su tuna 1996, da sanƙarau ya sa aka hana 'yan Nijeriya zuwa.

'Yan uwa, mu mutanen hanya ne. Kullum tirelolin shanu, albasa da tumatir na saukowa, motocin dare na hawa Kano da Sakkwato. Al'adarmu ce in ciwo ya yi tsanani a ce a kai mutum gida, in ya rasu a yi gaggawar yi masa sutura. Da ɗaya daga cikin waɗanda suka kusanci likitan nan ya hau motar dare daga Fatakwal, da kafin kwana biyu labari ya sha bamban. Ebola ta tafi, amma zazzaɓin Lassa yana dawowa duk rani, kuma ya sha kashe ma'aikatan lafiya a Abakaliki, maƙwabciyar Inugu.

Don haka in zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, a bar zagayen kemis a tafi asibiti. In likita ya tambayi inda aka fito a faɗa masa gaskiya, in ya ce a keɓe mara lafiya kada a ɗauka wulaƙanci ake yi wa ɗan Arewa. Hukumar NCDC tana da lambar kira kyauta, 6232. Muna roƙon sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin kasuwa su san jami'in lafiya na ƙaramar hukumarsu tun kafin buƙata ta taso, domin rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya kare mu da iyalanmu daga annoba. Amin.