Manufofin Makamashin Nukiliya a Najeriya da Maƙwabtanta

Manufar makamashin nukiliya ita ce tsarin da ƙasa kan shimfiɗa domin samar da wutar lantarki ta hanyar fasa ƙwayar yuraniyom, haɗe da dokokin kare lafiyar jama'a da hukumomin sa ido. A duk nahiyar Afirka tasha ɗaya ce ke ba da irin wannan wuta, wato Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda ta fara aiki a 1984. Masar ta soma gina tata a El Dabaa a 2022 da rancen Rasha. A Afirka ta Yamma kuwa har yanzu ana matakin yarjejeniya da zaɓen fili.

Najeriya ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa, NAEC, a 1976, amma sai a 2006 aka farfaɗo da ita ta kama aiki sosai. Dokar 1995 ta samar da hukumar sa ido, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001. Tukunyar nukiliya ɗaya tak ƙasar ke da ita, NIRR-1, a Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ƙirar ƙasar Sin ce, an kunna ta a 2004 da ƙarfin kusan kilowat 30. Ba ta ba da wutar gida. Aikinta horar da ɗalibai da gano sinadaran da ke cikin ƙasa, ma'adinai da abinci. A 2018 aka cire mata yuraniyom mai tsananin tacewa, irin wanda ake gudun ya faɗa hannun masu ƙera makami, aka mayar da shi Sin, aka sa mata mai sauƙin tacewa.

Maganar babbar tasha ta fi daɗewa a takarda. An sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a Oktoban 2017, an kuma ware Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom, amma ba a aza tubali ba. Ban da tsadar ginin, akwai cikas na fasaha da ya fi kowane nauyi. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin wutar ƙasa, domin idan ta tsaya ba zato kada ta ja sauran su faɗi. Layin Najeriya kan ɗauki megawat 4,000 zuwa 5,000, tukunyar Rasha irin ta El Dabaa kuwa megawat 1,200 ce.

Lamarin Nijar ya sha bamban. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma shekara da shekaru yana cikin abin da ke kunna tashoshin Faransa, alhali ita Nijar ta daɗe tana sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wannan wuta bisa takunkumin ECOWAS, ba a mayar ba sai a 2024. Daga nan manufar Yamai ta sauya da sauri: an soke lasisin haƙar yuraniyom na kamfanin Orano na Faransa a Imouraren a Yunin 2024, an mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr mallakar gwamnati a Yunin 2025, sannan a Yulin shekarar aka ƙulla takardar fahimtar juna da Rosatom kan nukiliyar zaman lafiya. Burkina Faso ta riga ta sa hannu kan irinta a Oktoban 2023.

Gana ce ta fi nisa a shiri. Tun 1964 Kwame Nkrumah ya aza harsashin aikin nukiliya a Kwabenya, a 2023 aka zaɓi Nsuban a matsayin filin tasha, a 2024 kuma aka ƙulla yarjejeniya kan ƙananan tukwane ƙirar NuScale ta Amurka.

A Najeriya kuwa, ba a ware wa Jihar Kebbi filin tasha ba, amma matsayinta a wannan batu babba ne saboda wayoyin wuta. Layi mai kilobolt 330 yana zuwa Birnin Kebbi daga madatsar Kainji, kuma daga Birnin Kebbi ne sabon layin haɗin gwiwar Afirka ta Yamma ya tashi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanville a Benin. Idan aka haɗa layukan ƙasashen wuri ɗaya, matsalar ƙanƙantar layi za ta ragu, kuma duk tashar da aka gina a Kogi ko a Nijar, wani kaso na wutarta zai iya bi ta nan. Ga masu injin casar shinkafa da masu walda a Jega da Maiyama, waɗanda kamfanin Kaduna Electric ke raba wa wuta, amfanin zai dogara ne kan gyaran taransifoma da wayoyin cikin gari, domin sau da yawa a nan wutar ke maƙalewa.

Akwai kuma wani fannin nukiliya da ya fi kusa da manomin albasa na Aliero a Jihar Kebbi. Haska albasa da hasken gamma yana hana ta tsiro a rumbu, ta daɗe ba ta lalace ba, kuma Najeriya na da na'urar yin haka a Sheda kusa da Abuja. Kuɗin kafa irinta bai kama ƙafar na tashar lantarki ba, kuma jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 da sunan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi tana tsakiyar gonakin albasar da za a iya yin gwaji a kansu. Duk mai son kafa ta sai ya nemi lasisin NNRA, kamar yadda doka ta tanada ga kowace na'ura mai fitar da irin wannan haske.