Paul Robeson: Mawaƙin da Amurka ta ƙwace wa fasfo, ta dawo ta karrama shi bayan ya mutu

Paul Robeson (1898–1976) mawaƙi ne, ɗan wasan kwaikwayo, kuma ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin baƙaƙen fata. A farkon shekarun 1940 da wuya a sami baƙar fatar Amurka da ya kai shi suna a duniya. Cikin shekara goma gwamnatin ƙasarsa ta mayar da shi saniyar ware.

Asali da tasowa

An haife shi ranar 9 ga Afrilu, 1898, a Princeton da ke jihar New Jersey. Mahaifinsa, wani limamin coci, tserewa ya yi daga bauta yana saurayi. Robeson ya yi fice a karatu da wasan ƙwallon Amurka a Jami'ar Rutgers, sannan ya kammala karatun lauya a Jami'ar Columbia a 1923. Wariyar launin fata ta sa ya bar aikin lauya, ya koma dandalin wasa, inda kakkausar muryarsa ta ɗaukaka waƙoƙin ibada na bayin Amurka. Wasan Othello da ya jagoranta a New York daga 1943 an nuna shi sau 296.

Afirka da siyasa

A 1935 ya fito a fim ɗin Sanders of the River, wanda aka gina labarinsa a Najeriya ta zamanin Turawa. Da ya ga an tace fim ɗin ya koma yabon mulkin mallaka, sai ya barranta da shi. Bayan shekara biyu ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Council on African Affairs, mai goyon bayan 'yancin ƙasashen Afirka.

Ƙaunarsa ga Tarayyar Sobiyet ce ta zama sandar dukansa. Bayan wani jawabi da ya yi a taron zaman lafiya na Paris a 1949, jaridun Amurka suka yi masa ca, 'yan daba kuma suka far wa masu halartar wasansa a Peekskill. A 1950 Ma'aikatar Harkokin Waje ta soke fasfonsa. Dakunan taro suka rufe masa ƙofa, faya-fayensa suka ɓace daga shaguna, hukumar FBI kuma ta ci gaba da bin diddiginsa. A 1957 ta wayar tarho ya rera wa masu haƙar kwal na Wales waƙa, tun da ba shi da ikon zuwa.

Sai a 1958 aka mayar masa da fasfon, bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Kent da Dulles cewa ma'aikatar ba ta da hurumin hana ɗan ƙasa fasfo saboda ra'ayinsa na siyasa.

Masu sukarsa ma suna da hujja: ya karɓi kyautar zaman lafiya ta Stalin a 1952, kuma bai fito fili ya la'anci kisan gillar da mulkin Stalin ya yi ba.

Karramawa bayan rai

Rashin lafiya ta killace shi a shekarunsa na ƙarshe, har ya rasu a Philadelphia ranar 23 ga Janairu, 1976. Sai a 1995 aka sa sunansa cikin gwarazan ƙwallon jami'o'in Amurka, kusan shekara tamanin bayan bajintarsa. An ba shi lambar Grammy ta girmamawa a 1998, hukumar gidan waya kuma ta buga hotonsa a kan sarki a 2004, shekara 54 bayan gwamnatin ƙasar ta hana shi ƙetare iyakarta.