Idan Kare Ya Ci Cakulan Ko Cingam: Matakan Da Za A Ɗauka

Kwanakin baya wani ɗan'uwa mai gadi a nan Legas ya kira ni hankali a tashe. Karen gidan ya cinye cakulan da yara suka bari a tsakar gida, maigida kuma ya yi tafiya. Da yawa cikinmu ba ma kiwon kare, amma masu gadi da direbobi da masu tireda kusa da gidajen masu karnuka sun san in dabbar ta mutu, su za a fara tuhuma. Shi ya sa na tattaro waɗannan bayanai.

Cakulan na ɗauke da sinadarin tiyobromin, wanda jikin kare ke jinkirin fitarwa. Baƙin cakulan mai ɗaci ya fi mai madara haɗari. Kare mai nauyin kilo 10 zai iya fara nuna alamu idan ya ci kimanin giram 100 na mai madara, na baƙin kuwa ko rabin haka bai kai ba. Alamun sukan bayyana cikin awa 6 zuwa 12: amai, gudawa, yawan shan ruwa, rashin natsuwa, bugun zuciya da sauri, wani lokaci har da jijjiga. Goro ma kada a yi sakaci da shi, domin yana da kafin da ɗan tiyobromin.

Wanda ya fi saurin kisa shi ne cingam ko alawa marar sukari da aka rubuta xylitol a jikin ledarta. Cikin minti 30 zuwa awa 1 sukarin jinin kare zai iya faɗuwa, ya riƙa tangaɗi, daga baya hanta ta lalace. Zabibin da ake sa wa kek kuma yana iya kashe masa ƙoda.

To, me za ka yi? Da farko kwashe abin da ya rage, ka ajiye ledar. Lura da lokacin da ya ci da kuma yawansa. Sannan ka kira maigida da likitan dabbobi nan take, kar ka jira alamu. Idan an kai shi cikin awa 2, likita na iya sa shi amai da allura. Jami'ar Ibadan da ta Nsukka da jami'ar noma ta Abeokuta duk suna da asibitin dabbobi.

Don Allah ban da ɗura masa manja ko ruwan gishiri. Manja ba ya karya wannan guba, yana ma iya shiga huhu, gishiri mai yawa kuma shi kansa guba ne.

Ɗan'uwan nan namu ya faɗa wa maigidansa gaskiya a waya, aka kai karen asibiti kafin Magariba. Ya warke, shi ma yana nan bakin aikinsa. Allah Ya tsare mana mutuncinmu a wurin nema.