Sabbin makarantun farmasi: wa ya amince da su, kuma ina takardarsu ke aiki?

Tallan makarantun kiwon lafiya ya yawaita a wayoyinmu, kuma da yawa suna cewa suna koyar da farmasi, wato ilimin haɗa magunguna. Mun tattaro wannan bayani saboda iyaye a Sayam Forage, Diffa da ƙauyukan bakin Komadugu, da kuma ƴan uwa na waje, tunda galibi su ke aiko da kuɗin karatun.

Takardu uku ne a cikin maganar, kuma mutane na ɗaukar su abu guda. Akwai izinin buɗe makaranta. Akwai amincewar hukuma da fannin farmasi shi kansa, bayan an zo an duba malamai, ɗakunan gwaji da inda ɗalibai za su koyi aiki. Sai rajistar da ke ba wanda ya gama damar yin sana'ar. Makaranta na iya samun ta farko ba ta da ta biyu, kuma idan babu ta biyu, ta ukun ba za ta samu ba. To a nan ne yara ke maƙalewa.

A Nijar, cikakken farmasiyan shi ne mai diplom ɗin dakta a fannin farmasi, karatun da ke cin aƙalla shekara 6 bayan bak, irin wanda ake yi a sashen kiwon lafiya na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Bayan nan sai ya yi rajista da ƙungiyar farmasiyan ta ƙasa kafin ya riƙe farmasi da sunansa. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ta fi karkata ga noma da muhalli, don haka ɗan yankin nan da ke son wannan fanni sai ya yi tafiya. Su kuwa gajerun kwasa-kwasan da ke horar da masu sayar da magani a kanti, sana'a ce mai kyau, ana cin abinci da ita. Amma kar wani ya sayar da akuyoyinsa yana zaton dakta zai dawo masa gida.

Akwai kuma CAMES, majalisar da ke kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka da akasarinsu ke amfani da Faransanci. A Yamai aka kafa ta a 1968, hedkwatarta na Wagadugu. Abin lura, CAMES diplom take amincewa da shi ɗaya bayan ɗaya, ba makaranta dungurungum ba. Allon da aka rubuta “CAMES ta amince” a ƙofa zai iya zama gaskiya kan fannin kasuwanci, alhali farmasi bai shiga ciki ba.

Ƙetaren kogi tsarin daban ne, kuma ya shafe mu kai tsaye, domin sansanin Sayam Forage, tun buɗe shi a ƙarshen 2014, cike yake da ƴan uwanmu na Najeriya da ƴaƴansu ke tunanin Maiduguri, Kano ko Zariya. Can hukumomi biyu ke sa hannu: NUC mai kula da jami'o'i, da PCN mai kula da sana'ar farmasi, wadda aka sabunta dokarta a 2022. NUC kan ba fanni cikakkiyar amincewa ta shekara 5, ko ta wucin gadi ta shekara 2, ko ta hana. PCN kuma ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, ita ke rantsar da waɗanda suka gama. Daga nan sai koyon aiki na shekara guda da jarrabawa kafin cikakkiyar rajista.

Sabuwar makaranta ba laifi ba ce, kowace tsohuwa ta taɓa zama sabuwa. Sai dai rukunin farko na ɗalibai su ne ke ɗaukar kasada. Suna shiga ne da izinin fara karatu, cikakkiyar amincewa sai daga baya. In hukuma ta zo ta tarar babu isassun malamai ko kayan gwaji, yaro zai gama da takarda a hannu amma ba rantsuwa, ba rajista, sai zaman jira. Mu a ganinmu, makarantar da ta ƙi nuna wa uba wasiƙar amincewa mai kwanan wata da sunan fannin, ta riga ta ba shi amsa.

Takarda kuma ba ta tsallake Komadugu da ƙafarta. Najeriya ba ta cikin CAMES. Wanda ya karanta farmasi a Yamai yana son aiki a Borno ko Yobe sai an tantance takardunsa, ya bi horo da jarrabawar da PCN ke shirya wa waɗanda suka yi karatu a waje. Wanda ya karanto a Najeriya ya dawo Nijar shi ma sai ya nemi takardar daidaita diplom daga hukumomin ilimi mai zurfi a Yamai kafin maganar rajista. Binciken ya ƙara tsanani tun Janairun 2024, lokacin da Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna aji ba.