Kurmin Mutum Da Dajin Hukuma: Tarihin Mallakar Itace A Samaru Da Sabon Garin Zariya

A asalin Hausa, gandu gona ce babba mai ubangida. Akwai gandun sarki, akwai kuma gandun gida, inda uba da 'ya'yansa da ƙannensa kan haɗu su yi noma, a zuba amfanin a rumbu ɗaya. Amma da aka zo aka jingina wa kalmar daji, aka ce "gandun daji", sai ma'ana ta juya. Da zarar an faɗe ta, abin da ke zuwa zuciyar Bahaushe shi ne dajin da hukuma ta shata, ta kafa masa alama, ta hana kowa shiga da gatari. To, shin mutum ɗaya, ko gida ɗaya, ko ƙungiya, na iya mallakar nasu gandun dajin? Wannan ita ce tambayar da wannan ɗan rubutu zai bi diddiginta, tare da ɗaukar Samaru da Sabon Garin Zariya a matsayin misali. Abin da tarihin wuraren nan ya nuna shi ne, itacen da aka san mai shi ya fi daɗewa a tsaye bisa ga wanda aka ce na kowa ne.

Kafin Zuwan Turawa

Ƙasar Zazzau ƙasa ce mai ni'ima. Ruwan da kan sauka a Samaru yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, saboda haka dajinta na asali na doka ne da maje da marke da kirya, ga kuma kurmi a bakin rafuka irin su Kubanni da Galma. A wancan zamani ana iya kasa itatuwa gida uku. Akwai na daji, wanda ke hannun sarki da dagatansa, kowa na iya shiga ya yi itace ko farauta. Akwai na hurumi, wato filin da aka keɓe a gefen gari don amfanin jama'a. Sannan akwai itatuwan gona, kuma waɗannan su ne ke da iyayengiji.

Idan manomi ya zo sassabe ba ya share komai da komai. Yakan bar ɗorawa saboda kalwa da daddawa da makuba, ya bar kaɗanya saboda man kaɗe, ya bar tsamiya saboda kunu, kuka saboda miya da igiya, giginya saboda azara da muruci, bagaruwa kuma saboda majema. A cikin birni kuwa rimi ne sarki, domin da audugarsa ake cusa matashi da lifidin dawaki. Har yau sunayen unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko da Rimin Danza suna ba da shaidar haka. Irin waɗannan itatuwa dukiya ce da ake gado. A wurare da dama mutum kan ba da aron gona ko ya jinginar da ita, amma ɗorawar da ke ciki tana nan tasa, ranar da ta nuna iyalinsa za su zo su kaɗe.

Shari'a ma ta san da wannan. A fiƙihun Malikiyya, dasa itace na cikin hanyoyin raya mataccen fili, kamar haƙa rijiya da yin gini, kuma wanda ya raya fili yana da haƙƙi a kansa. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi littafi musamman a kan hanyoyin mallakar ƙasa. Ashe ke nan kurmin mutum ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai dai a warwatse yake cikin gonaki, ba a dunƙule wuri guda ba.

Zamanin Malamin Daji

Turawa sun kama Zariya a 1902. A 1910 suka yi dokar da ta sa dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, ya zamana abin da mutum ke da shi haƙƙin zama da amfani ne kurum. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Zariya a kan hanyarsa ta zuwa Kano, kuma a gindin tasharsa ne Sabon Gari ya tsiro, ya cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da arewa. Waɗannan mutane ba su da gona, ba su da itacen kansu, amma kullum sai sun ɗora tukunya. Daga nan itacen wuta ya zama haja sosai, jakuna da 'yan dako suka riƙa shigo da shi daga ƙauyukan kewaye.

Ganin yadda daji ke ja da baya a sassan Nijeriya, sai aka yi dokar daji a 1916, aka sake mata fasali a 1937. A ƙarƙashinta ne En'e ta sami ikon keɓe dazuzzuka, aka naɗa malaman daji masu sintiri. Dajin da yau ake kira Kamuku a ƙasar Birnin Gwari an keɓe shi a 1936. A kusa da mu kuma akwai gandun dajin Guga, can wajen Shika. Sannu a hankali dazuzzukan da aka keɓe suka kai wajen kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar Nijeriya.

Niyyar dokar mai kyau ce, amma ta zo da wani abu da ya sosa wa manomi rai. An lissafa wasu itatuwa aka ce ba a sare su sai da takarda, ko da kuwa a tsakiyar gonar mutum suke. Wanda ya gaji maɗaci daga kakansa, sai ga shi yana neman izinin malamin daji kafin ya taɓa shi. Ba sai an yi dogon bayani ba, mai karatu zai gane abin da wannan kan haifar. Mutumin da ya san ɗan tsiron da ke gonarsa zai girma ya jawo masa tara, fartanya ɗaya zai sa masa tun yana ƙarami ya huta.

Samaru Da Itatuwanta

A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, a 1928 aka buɗe gonar dabbobi a Shika. A 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu, tashar binciken ta koma ƙarƙashinta. A 1964 kuma aka buɗe tashar binciken itatuwan daji a nan Samaru, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Aikin wannan tasha shi ne gwada baƙin itatuwa masu saurin girma, musamman turare, wanda wasu ke kira zaiti, ɗan asalin Ostireliya. An yi irin waɗannan gwaje-gwaje a wurare kamar Afaka kusa da Kaduna.

Filayen waɗannan cibiyoyi na gwamnati ne, amma ta wata fuska su ne suka fi kama da gandun daji mai ubangida a wannan yanki. Suna da iyaka sananniya, suna da shinge da masu gadi, kuma akwai wanda za a tuhuma in an wayi gari an ga kututture. Shi ya sa wanda ya shiga harabar jami'a daga kasuwar Samaru da tsakar rana yakan ji kamar ya sauya gari. Lambun tsirrai na jami'ar ya zama aji ga ɗaliban ilimin halittu da na haɗa magunguna. Itatuwan da ke gefen madatsar ruwan Kubanni suna rage zaizayar da ke cika ta da yashi. Ga inuwa, ga tsuntsaye, ga irin shuka.

Daga irin waɗannan gwaje-gwaje ne turare ya bazu zuwa hannun jama'a. Mutum ya ware wani sashe na gonarsa ya dasa shi a jere, bayan 'yan shekaru ya sare ya sayar wa magina da masu kafa rumfa, kututturen ya sake tofo ba tare da an sake dasawa ba. Yana da aibinsa, domin yana shan ruwa ainun, kuma amfanin gona ba ya jin daɗi a gindinsa. Haɗe da lambunan mangwaro da gwaiba na bakin fadama, wannan shi ne kurmin mutum na zamaninmu.

A 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Takardar mallakar da ake bayarwa yawanci ta shekara 99 ce. Ƙaramar hukuma kuma na iya ba mutum har hekta 500 don noma. Saboda haka doka ba ta toshe ƙofar mutum ya raya kurminsa ba, sai dai mutane ƙalilan ne ke neman fili da wannan niyya.

Abin Da Aka Gani A Wasu Wurare

Kada a ce son zuciya ne, bari mu leƙa maƙwabta. A 1990 an wallafa sakamakon wani bincike da masana, ciki har da Michael Mortimore, suka yi a kan itacen wuta a Kano. An daɗe ana tsammanin birnin ya cinye itatuwan karkarar da ke kewaye da shi. Sai binciken ya nuna manoman da ke kusa da birni suna riƙe da itatuwan gonakinsu gam, suna sassaftar rassa suna barin uwa, yawancin ɓarnar kuwa tana can a dazuzzuka masu nisa inda manyan motoci ke zuwa lodi.

A ƙasar Maraɗi abin ya fi fitowa fili. A da dokar Nijar ta sa itatuwa a hannun hukuma, gonaki suka zama fayau. Daga 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya shiga ƙarfafa wa manoma gwiwa su riƙa barin tohon kututturen da ke gonakinsu suna gyara shi. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, sai gawo da sauran itatuwa suka dawo. An ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, masu ɗauke da itatuwa kimanin miliyan 200.

A kudancin Nijeriya akwai kurmin Lekki a Legas, mai hekta 78, wanda wata ƙungiyar kare muhalli mai zaman kanta ta kafa a 1990. Gine-gine sun kewaye shi ta ko'ina, amma yana nan da birransa, 'yan makaranta da baƙi na biyan kuɗi su shiga. A kusa da Jos kuma akwai dajin Amurum, mai wajen hekta 300, mallakar jama'ar Laminga, inda aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a farkon shekarun 2000.

A ɗaya ɓangaren, dubi abin da ya sami manyan dazuzzukan hukuma. Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967, aka kuma rushe tsarin En'e a 1976, kulawa ta yi rauni, malaman daji suka yi ƙaranci. Manoma suka kutsa, masu gawayi suka bi baya. Daga bisani Kamuku da Kuyambana da Rugu suka zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Maris na 2021 har kwalejin koyon aikin gandun daji ta Afaka aka shiga aka sace ɗalibai 39. Dajin da babu mai leƙa shi, wani zai zo ya mai da shi gida.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka, kada mu ɗauka mallakar mutum ba ta da nata ciwon. Babban abokin gabarta shi ne rabon gado. Dattijo ya shekara arba'in yana rainon lambu, ranar da ya kwanta dama magada goma su taru, kowa na son kasonsa a hannu, sai a kira mai awo a yanka filotai. Na biyu shi ne tsadar fili. Samaru da Sabon Gari sun riga sun haɗe, Hanwa da Palladan da Dogarawa da Basawa duk sun zama gari, kuma kuɗin filoti ɗaya ya fi abin da ɗorawa za ta bayar a shekaru masu yawa. Na uku shi ne gawayi. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, gas kuma ya yi tsada, gidaje da yawa sun koma kurfoti, kuma kowane buhu itace ne ya faɗi.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. Mai hali na iya yin waƙafin lambunsa, yadda ba za a sayar ba, ba za a raba ba, amfaninsa ya tafi ga makaranta ko masallaci ko zuriyarsa. Magada na iya barin kurmi a dunƙule su riƙa raba abin da ya haifar. Makarantu masu fili na iya ware kusurwa guda su dasa itatuwan gida. Hukuma kuma ta tabbatar wa manomi, a rubuce, cewa abin da ya dasa nasa ne ya sare ko ya bari. Bikin dashen itace da ake yi kowace damina, a ɗauki hoto a watse, awaki su cinye kafin kaka, ya isa ya koya mana cewa dashe ba shi ne wahala ba, raino ne, kuma ba mai rainon abin da ba nasa ba.

Daga ƙarshe, ga 'yar magana ga 'yan'uwa marubuta. A ajin da nake koyarwa, da wuya ka sami yara biyar da za su bambance doka da maje, alhali sunan doka na kan garuruwa da unguwanni da dama. A littattafanmu kuma sau da yawa sai a ce wane ya shiga "wani ƙungurmin daji", ya zauna a gindin "wata bishiya", shi ke nan. Ya kamata mu riƙa kiran itace da sunansa, mu faɗi mai shi, mu faɗi abin da ake yi da shi. Rigimar magada a kan ɗorawa ɗaya tilo ta isa a gina littafi a kanta. Dattawan da suka san wanda ya dasa kowane maɗaci da kowane rimi a garin nan suna ƙarewa, ya kamata a same su a rubuta tun suna da rai. Allah Ya ba mu ikon dasawa da rainon abin da jikokinmu za su sha inuwarsa, amin.