Aji Ɗaya: Jiya da Yau

Mai karatu, ni ɗan UPE ne. A shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, aka tattara mu a Argungu. Ba a tambayi takardar haihuwa ba. Sai dai ka ɗora hannu bisa kai, in ya taɓo kunne to ka isa. Nawa da ƙyar ya taɓo.

Kafin zamaninmu ma karatun boko a ƙasar Hausa bai fara da Turanci ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa, Kano, a 1909, da Hausa ake koyarwa, kuma har da ɓangaren sana'a irin dukanci da ƙira da sassaƙa. Elementare ta bi wannan sawu. A ƙasar Yarabawa kuma, Farfesa Babs Fafunwa ya yi gwaji a Ife daga 1970, ya koyar da yara shekara shida da harshensu, aka tarar ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara wa yaro da harshen gidansu ko na garinsu.

To, mu dai ba mu san da wata manufa ba, Malam muka sani. Ajinmu ya cika maƙil, littafi bai wadata ba, amma bawan Allah nan bai rasa dabara ba. Lissafi da ƙwallon goruba muka koye shi. Baƙaƙe a ƙasa muke zanawa da yatsa kafin mu taɓa fensir. Wata rana ya kai mu bakin Matan Fada muka ɗebo laka. Ya ce, "Ɗiyana, kowa shi gina abin da yag gani." Na gina kifi. Ya sa na ƙirga kifayen 'yan aji duka, sannan na rubuta ki-fi a ƙasa. Daga nan ya ba mu labarin yadda Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu a 1934, aka yi masa su, gabar Kabi da Sakkwato ta zama zumunci. Da kifin laka ɗaya na sami ƙidaya, rubutu da tarihi.

Abin da ya sa na tuno da wannan, jikana ne. Bana ya shiga aji ɗaya, jakarsa ta fi ƙarfin bayansa. Yana rera Turanci kamar aku, amma da na tambaye shi ma'ana sai ya yi tsuru-tsuru. Na ce, "Ka san Kanta?" Ya ce, "Kaka, shagon da ake sayar da biskit?" Alhali gidan tarihin Kanta yana nan cikin gari tun 1958!

Ban ce a bar Turanci ba, jama'a. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a tanƙwara shi da hadda kaɗai. Yaro ɗan shekara shida da hannu da ido da kunne yake koyo. Malamai, laka ba ta ƙare a Matan Fada ba. Iyaye, mu ma da laifinmu, tunda mun mai da nauyin jaka ma'aunin ilimi.

Ran Asabar in Allah Ya kai mu, ni da jikana za mu bakin gulbi. Allah Ya jiƙan malamanmu, amin.