Naɗin leda mai manne wa kaya: zaɓi da gyaran matsala

A wannan naɗi ana ɗora nama, kifi ko kayan ƙarfe kan faranti ko kwali, a dumama leda ta yi laushi, sannan inji ya zuƙe iskar da ke tsakani har ledar ta manne tamkar fata. Nama mai ƙashi ya fi son ledar Surlyn, domin ba ta saurin hujewa; mai shimfiɗar EVOH kuwa ita ke tare iska. Idan leda ta ƙi kwanciya a jikin kaya, galibi zafi ne bai isa ba. Idan ta sirance ta huje, ya yi yawa. Kifi ya fi haɗari: a ajiye shi ƙasa da digiri 3.3 na Salshiyas, domin ƙwayar botulinum tana bunƙasa ne inda babu iska.